John Logie Baird: Bature Mai Sanyin Ƙafa Da Ya Fara Nuna Wa Duniya Talabijin

A wannan fitowa shafinmu na tarihin mazan jiya zai tsallaka teku zuwa ƙasar Turai, domin mu kawo maku labarin mutumin da ya fara aika hoton fuskar ɗan Adam mai motsi daga wani ɗaki zuwa wani ta hanyar lantarki. Akwatin nan da yara ke cincirindo a gabansa da magariba, manya kuma su kore su idan lokacin labarai ya yi, yana da asali. Asalin kuwa na talauci ne da ciwo da bashi. Sunan mutumin John Logie Baird.

An haife shi ranar 13 ga Agusta, 1888, a Helensburgh, wani ɗan gari na bakin ruwa a ƙasar Sikotlan, arewacin Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne, shi ne kuma auta cikin 'ya'ya huɗu. Tun yana ƙarami wata rashin lafiya ta kama shi, daga nan bai ƙara samun ƙoshin lafiya ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Da sanyi ya shigo sai mura da ciwon ƙirji su kwantar da shi makonni, ƙafafunsa kuma kullum kamar ƙanƙara. Ku riƙe maganar sanyin ƙafar nan, za mu dawo kanta.

Amma fa yaro ne mai ƙiriniyar ƙere-ƙere. Yana ɗan makaranta ya haɗa wayar tarho tsakanin gidansu da gidajen abokansa, ya bi ta kan titi da wayoyin. Wata rana guda ta sauko ƙasa ta sarƙe wani mai keken doki, aka yi rigima, dole aka kwance aikin. Bai daddara ba, ya juya ya sa wa gidansu wutar lantarki da kayan da suka rage. Cikin abokan nan nasa akwai Jack Buchanan, wanda daga baya ya zama shahararren mawaƙi kuma ɗan wasa a Landan, shi ne kuma ya tallafe shi da kuɗi a ƙarshen rayuwarsa lokacin da masu hannu da shuni suka watse.

Ya yi karatun injiniya a kwalejin fasaha ta Gilasgo, ya shiga jami'ar garin, sai Yaƙin Duniya na Farko ya katse masa karatu, bai taɓa komawa ya karɓi digiri ba. A 1915 ya kai kansa aikin soja, likita ya dube shi ya ce bai isa ba. Sai ya kama aiki a wani kamfanin lantarki na yankin Clyde. Aikin ya gundure shi. A nan ne ya gwada mayar da baƙin gawayin fensir ya zama lu'ulu'u ta hanyar ɗura masa wuta mai ƙarfi. Lu'ulu'u bai samu ba, wuta kuwa ta ɗauke a wani sashe na gari. Kun ji irin ma'aikacin da shugabanninsa suka samu.

Da ya bar aikin albashi sai ya faɗa kasuwanci, kuma duk ɗan kasuwar da ke karanta wannan shafi zai ji tausayinsa, ko ya yi masa dariya, ko duka biyun. Sanyin ƙafarsa ya sa ya ƙirƙiro wata siririyar safa da ake sawa a ƙarƙashin safa ta ainihi don ƙafa ta yi ɗumi. Ya ɗauki mata ya rataya masu allunan talla suna yawo a titunan Gilasgo. Wannan kam ta karɓu, ya sami 'yan kuɗi. Sai ciwo ya sake kayar da shi, kasuwa ta tsaya, tunda shi ne mai kaya, shi ne yaron shago. A 1919 ya shiga jirgin ruwa ya tafi cirani tsibirin Tirinidad, can kusa da Kudancin Amurka, don ya sami zafin rana. Ya ga 'ya'yan itace da sukari a banza, ya ce bari ya buɗe masana'antar jam, wato dafaffen 'ya'yan itace da sukari da Turawa ke shafa wa burodi. Da aka ɗora tukunya ƙamshi ya tashi, sai ƙwarin daji suka yi masa taron dangi, suna faɗawa cikin tukwane. Zazzaɓi ya ƙara masa da nasa. Ya dawo Landan a 1920 aljihu kusan wayam. Ya sayar da sabulu. Ya gwada askar gilashi wadda ba ta tsatsa, ta riƙa fashewa. Ya gwada takalmi mai balan-balan a ciki don tafiya ta yi taushi, balan-balan ta fashe yana tsakiyar hanya.

A farkon 1923, yana da shekara 34, ba lafiya, ba jari, ba mata, ya koma Hastings, garin bakin teku a kudancin Ingila, don ya yi jinya. A nan ne ya ɗauko tunanin da ya daɗe a ransa: tunda rediyo ta iya ɗaukar murya ta kai nesa, me zai hana a ɗauki hoto?

Gaskiyar magana, dabarar ba shi ya fara ta ba. Wani Bajamushe mai suna Paul Nipkow ya yi rajistarta tun 1884, amma bai iya sa ta aiki ba. Ga yadda take. A sami faifai a huhhuda shi, hujojin su bi juna a karkace kamar gidan dodon koɗi. Idan faifan yana juyawa da sauri a gaban fuskar mutum, kowane huji zai share layi ɗaya na fuskar, na biye da shi ya share layin da ke kusa, har a gama fuskar duka. A bayan faifan akwai wata 'yar na'ura mai jin haske: inda fuska ke da haske ta ba da lantarki da yawa, inda duhu ta ba da kaɗan. A ɗaya ɓangaren kuma wani faifan ne irinsa sak yake juyawa daidai da na farko, da fitila a bayansa tana ƙara haske tana ragewa gwargwadon lantarkin da ya iso. Saboda saurin abin, ido ba ya ganin ɗigo-ɗigo, sai ya ga hoto guda. A takarda abu mai sauƙi. A aikace kuwa, na'urar jin hasken ta wancan zamani raggo ce, kuma sa faifai biyu su juya kafaɗa da kafaɗa ba tare da ɗaya ya wuce ɗaya ba ya gagari masana shekara arba'in.

Kayan aikin Baird kuwa, wallahi ɗan gwangwan ma sai ya raina su: tsohon akwatin ganyen shayi, kwalin ajiye hula da ya yanka ya yi faifai, allurar ɗinki, gilasan fitilar keke, ɗanko da gam. Da waɗannan, a farkon 1924, ya iya aika inuwar abu tana motsi. Inuwa ce kawai, babu ido babu hanci. A watan Yulin shekarar wuta mai ƙarfin bolt 1,000 ta ja shi ta ƙona masa hannu, mai gidan haya ya ce ya tattara tarkacensa ya ba shi wuri kafin a ƙona masa gini.

Sai Landan. Ya kama ɗaki a saman bene a lamba 22, titin Frith, unguwar Soho. Ya je ofishin jaridar Daily Express neman a tallata aikinsa, editan ya ɗauke shi mahaukaci, ya sa a lallaɓa shi a fitar da shi, har da gargaɗin a kula kada ya zamo yana ɗauke da aska. Wanda ya fara ba shi wuri ɗan kasuwa ne, mai babban kantin Selfridges, wanda a watan Maris na 1925 ya ɗauke shi mako uku yana nuna inuwoyinsa ga masu sayayya. Mai kanti dai jan ciniki yake, amma kuɗin da ya biya sun riƙe Baird.

Fitilun da yake haskawa suna da zafin da mutum ba zai jure zama gabansu ba. Don haka ya sami kan ɗan tsana, irin na masu wasan nan da ke magana da ciki a ga kamar ɗan tsanan ne ke yi, ya raɗa masa suna Stooky Bill. Zafi ya babbake gashin ɗan tsanan, fentin fuskarsa ya tsattsage. Ranar 2 ga Oktoba, 1925, Baird ya kunna na'ura ya leƙa, sai ga fuskar Stooky Bill, da ido da hanci da gira, da wurin haske da wurin duhu. Ba inuwa ba, hoto. Ya sauko bene a guje ya kamo wani yaron ofis mai shekara 20 da ke aiki a ƙasa, William Taynton, ya zaunar da shi gaban fitilu, ya ruga ɗaya ɗakin ya duba, bai ga komai ba. Ashe yaron zafi ya ishe shi ya ja da baya. Baird ya zaro sule biyu da sisi ya danƙa masa don ya daure ya zauna. Ya zauna, ya juya kai, ya buɗe baki, fuskarsa ta fito. To kun ji ɗan wasan talabijin na farko a duniya, kun kuma ji ladansa na farko. Duk wani tauraro da ya biyo baya, ƙanen yaron ofis ɗin nan ne.

Ranar 26 ga Janairu, 1926, ya gayyaci masanan ƙungiyar Royal Institution da wakilin jaridar The Times, suka hau matsattsen benen nan rukuni-rukuni suka gani da idonsu. Wannan rana ce akasarin masu tarihi ke ɗauka ranar da aka fara nuna talabijin na gaskiya a bainar jama'a. Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa a jere. A 1927 ya aika hoto ta wayar tarho daga Landan zuwa Gilasgo, mil 438. A Fabrairun 1928 ya tsallakar da hoto teku zuwa kusa da Niyok a Amurka. A Yulin 1928 ya nuna hoto mai launi. Har ɗaukar hoton ya yi a kan faifan garmaho, ko da yake shi bai iya sake kunna shi da kyau ba, sai a shekarun 1980 wani injiniya, Donald McLean, ya yi amfani da kwamfuta ya fito da fuskokin da ke cikin faya-fayan.

Sauran aiki shi ne a sami gidan da zai watsa. A Ingila BBC ce kaɗai ke da izini, shugabanta kuwa John Reith, shi ma ɗan Sikotlan, shi ma ɗan limamin coci, kuma kwaleji ɗaya suka yi da Baird. Sai ka ce zai riƙe ɗan uwansa, ina! Reith bai taɓa ƙaunar talabijin ba. Da ƙyar da matsin gwamnati aka ba Baird aron na'urar watsawa daga 30 ga Satumba, 1929. Da yake na'ura ɗaya ce, sai a nuna fuskar mawaƙi na 'yan mintoci ba murya, sannan a ɗauke hoto a saki murya. Sai a Maris na 1930 aka haɗa su biyun.

Hoton layi 30 ne kacal, ɗan ƙarami, dogo siriri, ja-ja kamar garwashi, yana rawa. A nan ne 'yan wasan farko suka ga tasku. Ana shigar da mutum ɗaki mai duhu, wani ɗigon haske yana zarya a kan fuskarsa har ido ya yi ruwa. Da yake ja ba ya fitowa sosai a hoton, sai a shafe fuska da fari fat, a zane leɓe da gira da shuɗi mai duhu, mutum ya fito kamar dodon gona. Ba a matsawa hagu ko dama, in ka matsa ka ɓace. Ranar 14 ga Yuli, 1930, aka watsa wasan kwaikwayo na farko a talabijin ɗin Ingila, wani gajeren wasa na marubucin Italiya Luigi Pirandello. 'Yan wasa uku ne, amma fuska ɗaya hoto ke ɗauka, don haka sai a zuro allo a rufe, wannan ya tashi wancan ya zauna, a janye allo. Firayim Minista Ramsay MacDonald ya kalla a gidansa da akwatin da Baird ya kai masa. A 1931 kuma aka nuna sukuwar dawakin Derby kai tsaye daga fili, wanda ya isa a ce shi ne kakan duk ƙwallon da ake taruwa kallo a gidajen kallo. A wannan shekara ce ya auri Margaret Albu, gwanar kaɗa fiyano 'yar Afirka ta Kudu, suka haifi 'ya'ya biyu, Diana da Malcolm.

To, a daidai lokacin da sunansa ya cika duniya, ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Faifai ƙarfe ne, akwai iyakar gudun da zai yi, akwai iyakar hujojin da za a yi masa. A Amurka Philo Farnsworth da Vladimir Zworykin suna aiki kan wata hanya da babu abin da ke juyawa a cikinta, zaren lantarki ne ke share hoto a cikin kwalbar gilashi, da saurin da faifai ba zai taɓa kaiwa ba. A Ingila kamfanin EMI ya tara gwanayen injiniyoyi ƙarƙashin Isaac Shoenberg, ya zuba kuɗi. Shi kuwa kamfanin Baird, tun 1932 ya koma hannun masu sinima na Gaumont British, suka ajiye mai suna gefe guda ana girmama shi, ragama tana hannun wasu.

Gwamnati ta ce a yi gasa. Ranar 2 ga Nuwamba, 1936, BBC ta buɗe tashar talabijin a Alexandra Palace, tsari biyu suna karɓa-karɓa mako-mako: na Baird mai layi 240, na Marconi-EMI mai layi 405. Aka jefa kwabo, ya faɗo wa Baird, don haka da tsarinsa aka fara, sannan aka maimaita bikin da ɗayan. Cikin waɗanda suka yi wasa ranar akwai Adele Dixon mawaƙiya, da wasu baƙaƙen fatar Amurka biyu masu rawa da barkwanci, Buck da Bubbles, waɗanda ake lissafawa baƙaƙen fata na farko da suka fito a talabijin.

Ma'aikata da 'yan wasa ne suka fara yanke hukunci tun kafin gwamnati. Kyamarar EMI tana kan taya, ana tura ta ta bi ɗan wasa. Babbar kyamarar ɓangaren Baird kuwa a kafe take. Fim take ɗauka, fim ɗin ya zarce cikin ruwan magani mai guba a wanke shi nan take, a watsa shi da danshinsa bayan kusan minti ɗaya. In ya tsinke, shiri ya tsaya. Mai gabatarwa kuma har lokacin a ɗakin duhu yake zama. Ana cikin haka, ranar 30 ga Nuwamba, gobara ta cinye ginin Crystal Palace inda ɗakunan binciken kamfanin suke, kaya da takardu suka tafi. A Fabrairun 1937 aka sanar an ajiye tsarin Baird.

A ganina hukuncin daidai ne, ko da yake da ɗaci. Masu cewa Baird shi kaɗai ya ƙirƙiro talabijin sun yi ƙari, domin akwatin da ya shiga gidajen duniya jikan aikin su Farnsworth da Zworykin da Shoenberg ne. Masu cewa ɗan dabo ne kawai su ma ba su yi adalci ba. Shekara arba'in abin yana kwance a takarda, manyan kamfanoni suna ganin bai kai a sa kuɗi ba, sai da wani majinyaci ya nuna shi da kwalin hula sannan kowa ya farka. Shi ya fara sa gidan rediyo ya ware lokaci, shi ya fara sa a sayi akwati a kai gida, a ɗakinsa aka fara koyon yadda ake tsayawa gaban kyamara.

Tsarin lantarkin nan da ya kayar da shi, bayan an inganta shi zuwa layi 625, shi ne ya iso mana. Mu mazauna Ibadan ma a ƙofar gidanmu ya sauka, domin ranar 31 ga Oktoba, 1959, gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe WNTV a Agodi, tasha ta farko a Nijeriya. Inugu ta biyo a 1960. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe ta Kaduna, kuma cikin kamfanonin Ingila da aka yi haɗin gwiwa da su akwai EMI ɗin nan dai. Ta waɗannan tashoshi ne aka san su Duro Ladipo da Baba Sala a nan Yamma, a Arewa kuma su marigayi Kasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama. Su ba a shafa masu shuɗi a leɓe ba, amma zafin fitila kam sun sha nasu.

Mu koma kan mai labarin. Ranar 1 ga Satumba, 1939, ana gab da Yaƙin Hitila, BBC ta rufe talabijin ɗungurungum, kamfanin da ke ɗauke da sunan Baird ya durƙushe. Wani da ya haƙura. Shi sai ya kai iyalinsa Cornwall saboda bama-bamai, ya ci gaba da bincike a gidansa na Sydenham a Landan da kuɗin aljihunsa, da ɗan abin da kamfanin Cable and Wireless ke biyansa na ba da shawara. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ya saki faifai ya rungumi hanyar abokan hamayyarsa. A watan Agustan 1944 ya nuna wata kwalbar gilashi da ya kira Telechrome, mai fitar da hoto mai launi ba tare da wani abu mai juyawa ba, irinta ta farko. Da kwamitin gwamnati ya nemi shawararsa kan talabijin bayan yaƙi, ya ce a yi mai layi 1,000, mai launi. Aka ga abin ya yi tsada, aka koma kan 405. Sai bayan shekaru kusan hamsin duniya ta kai ga irin hoton da ya faɗa.

Kuɗinsa sun kusa ƙarewa, jiki kuma ya gaji. Ya koma Bexhill, kusa da Hastings inda ya fara. A Fabrairun 1946 shanyewar jiki ta same shi. Ranar 7 ga Yuni BBC ta sake buɗe talabijin bayan kusan shekara bakwai, yana kwance. Mako guda bayan haka, ranar 14 ga Yuni, 1946, ya rasu yana da shekara 57. Ingila ba ta ba shi sarautar Sir ba, ta ba Shoenberg a 1962. Ƙasar Ostareliya ce ta sa sunansa na tsakiya, Logie, a kan kyautar da take ba gwanayen 'yan wasan talabijin duk shekara. An kai gawarsa Helensburgh aka binne shi kusa da iyayensa.